Jesin da Bai Hau Akwatin Malachy Ba

A Kilvarra ko mutuwa mutum ya yi sai kulob ta tsoma baki. Malachy Hehir ya cika ranar Talata da hantsi, a kan kujerarsa kusa da murhu, kuma tun jikinsa bai gama sanyi ba shugaban kulob ya bugo waya yana tambayar yaushe za a fito da gawa. Attracta, babbar 'yar mamacin, wadda ta zauna da shi a gona ta yi jinyarsa har ƙarshe, ta kashe wayar. Ta san abin da yake nema. Al'ada ce, duk wanda ya taɓa buga wa ƙauyen wasa, ranar jana'izarsa ana shimfiɗa jesin kulob a kan akwatinsa, 'yan wasa su jeru gefe biyu na titi a ƙofar fili, su ɗaga sanduna su haɗa kawunansu a sama, gawa ta bi ta ƙarƙashi. Ita kuwa ta daɗe da rantsewa cewa wannan tsumma mai ja da ruwan ɗorawa ba zai taɓa akwatin ubanta ba.

Kulob ɗin ta girmi kowa a ƙauyen, kuma ba ta bari a manta. A rumfar ajiye ciyawa ta bayan coci aka kafa ta. Filin da ake taƙama da shi yau, a da dutse ne da fadama, maza suka yi shekaru suna tsince duwatsun da hannu suna kwashewa da amalanken jaki. Kakan Attracta ne ya sare itacen bakin rafinsa aka sassaƙa sandunan farko. Wasa biyu ake yi, ƙwallon sanda da suke kira hurling, da ƙwallon gida wadda ake cafewa da hannu a buga da ƙafa, kuma mutanen da suka buga wannan su ne dai za su buga waccan, don ƙauyen ba shi da na canji. An yi zamanin da jiragen Ingila da Amurka suka kwashe samari har sai da aka sa ɗan gidan waya mai ido ɗaya tsaron raga. Duk wanda ya sha kwalba biyu a mashayar Talty zai karanto maka wannan tarihi tiryan-tiryan, har da ƙwalla. Idan aka zo kan shekarar da Kilvarra ta kai wasan ƙarshe na gunduma, sau ɗaya tak a duk rayuwarta, a nan ne labarin yake karkacewa.

A wancan zamani akwai doka. Ɗan kulob ba ya buga wasan Ingilishi, ba ya kallonsa, ba ya ma zuwa rawar da masu irin wannan wasa suka shirya. Don a kama masu laifi, ana naɗa 'yan leƙen asiri, su kuma an halatta musu shiga duk inda aka hana sauran. Na Kilvarra shi ne Canice Moroney, saurayi mai tsinin hanci da ƙaunar a ce masa sannu da aiki. Ana saura kwanaki kaɗan wasan ƙarshe, Malachy, wanda duk gundumar ba mai riƙe sanda kamarsa, ya hau keke ya tafi cikin gari rawar 'yan zari-ruga, ɗaya daga cikin wasannin da aka hana, saboda wata yarinya mai aiki a kantin yadi, Philomena. Canice yana can a lungu. An ce har kek ya ci, ya ƙara. Kashegari ya kai rahoto, aka dakatar da Malachy, Kilvarra ta fita ba shi aka cinye ta da maki ɗaya.

Kada ka ɗauka dokar aka zaga, ko munafukin da ya kai tsegumi. Yarinyar aka ɗora wa. Malachy ya aure ta ya kawo ta gona, tun daga ranar kuwa ba ta da suna sai "wadda ta cinye mana kofi". A kanti ake faɗa mata, a ƙofar coci ake faɗa, kullum da murmushi, don idan ta nuna ɓacin rai a ce ba ta san wasa ba. Da aka haifi Attracta, wani ya leƙa keken jarirai ya ce ashe wannan ne kofin da suka samu. Sunan ya bi ta, Kofi a makaranta, Kofi a wurin rawa, har yau da furfura a kanta akwai tsofaffin da ba su san tana da wani suna ba. Daga baya an soke dokar, kowa ya yarda shirme ce, amma ba wanda ya taka zuwa gidan Hehir ya ce a yi haƙuri. Canice ya zama sakatare, ya zama shugaba, yanzu ya haura casa'in kuma shi ne uban kulob har mutuwa. Philomena ta rasu 'yan shekarun baya ba a taɓa ce mata ta zo ta dafa shayi a zauren kulob ba, abin da ake roƙon kowace mace a ƙauyen. Malachy bai sake riƙe sanda ba, bai kuma taɓa furta kalma a kan batun ba. Abin da ya fi ƙona wa Attracta rai ke nan. Duk Lahadi sai ya sa hula ya tafi filin, ya tsaya can ƙarshen katanga shi kaɗai, ya dawo ya ci abincinsa shiru.

Ranar Laraba da la'asar gidan ya cika da masu gaisuwa. An kwantar da Malachy a falo cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, carbi a hannu, mata suna ta yanka burodi a kicin. Ultan, ƙanen Attracta, isowarsa ke nan daga Ostareliya, fata ta yi ja da rana, yana rungumar kowa yana kuka kamar shi ya yi jinyar. Sai ga Fintan Garrihy, shugaban kulob, ya shigo da jesi a cikin leda, an goge ta an ninke. Ya yi addu'a a gaban gawar, ya riƙe hannun Attracta da hannu biyu, ya ce an yi rashi, Kilvarra ba za ta sake ganin irinsa ba. Sannan ya ce yara duk sun shirya, har ƙananan, za su tsaya masa gobe a ƙofar fili.

"A'a," in ji Attracta.

Fintan ya yi murmushi ya ce ai ba wata ɗawainiya ba ce, haƙƙinsa ne.

"Na ce a'a, Fintan. Ɗauki kayanka."

"Haba Attracta, ai ko don Baba Canice. Tun da ya ji yake cewa lallai a tura shi a kekensa na guragu, shi zai tsaya a gaba."

Ta duba fuskar ubanta, ta duba matan da suka yi tsit da wuƙaƙe a hannu, ta danne muryarta don ba ta son ihu a kan gawa. Ta ce masa ba jesi, ba sanduna, ba Canice, kuma motar gawa ba za ta tsaya a ƙofar filinsu ba. Fintan yana ta gyaɗa kai, yana cewa Allah sarki, halin uban sak, ba ya son a yi masa hidima. Aka miƙo masa shayi ya ce a'a, ya gode. Aka sake ya ce wallahi yanzu ya sha. A na uku ya karɓa, ya zauna ya shanye har da ƙari, ya tafi da jesinsa a hammata.

Ultan ya same ta a bayan gida tana zuba wa kare abinci. Ya ce ta ba su kunya, mutane sun zo da girmamawa ta watsa musu ƙasa a ido. Ya ce a can inda yake, idan ya ce shi ɗan Malachy Hehir ne, tsofaffin gundumar tashi suke su gaishe shi, kuma ya yi wa 'ya'yansa alkawarin hoton kakansu a ƙarƙashin sanduna.

"Hoto," ta ce. "Ka ƙetaro rabin duniya don hoto."

"Yaya, Baba fa yana son kulob ɗin nan. Har ya mutu bai fasa zuwa ba."

"Yana so. Kulob ce ba ta son shi. Kai ba a taɓa kiranka Kofi ba, Ultan. Kai namiji ne, suna ganin tsawonka suka ba ka sanda, ka buga musu har ka gudu. Ni ce nake tsaye a bayan Mama a kanti tana ƙirga canji, ana dariya."

"Wasa ne fa suke yi."

"Ta mutu tana jin wasan. Gobe a kanta za a saukar da shi, kabari ɗaya. Ka ce in bari su lulluɓe shi da rigarsu su ɗora mata a ƙirji?"

Ultan ya ce abin ya wuce shekara sittin, mutum ya kamata ya iya yafewa. Ta ce ana yafe wa wanda ya roƙa. Ya koma ciki ya bar ta da kare, daga nan ba su sake magana ba sai abin da ya zama dole.

Ranar Alhamis aka tashi da yayyafi. Fada, limamin coci, ya yi wa'azinsa, ya kira Malachy gwarzon fili, ya tsallake dalilin da ya sa gwarzon ya bar fili yana saurayi. Aka fito da akwatin ba komai a kansa sai furanni, Attracta ta ji sanyi a ranta a karon farko tun Talata. Mossie Talty, mai mashaya wanda kuma shi ne mai motar gawa, ya ja a hankali, jama'a suna biye a ƙafa. Hanyar maƙabarta ta gaban fili take bi. Suna shan kwanar makarantar firamare Attracta ta hango ja da ruwan ɗorawa, layi biyu, tun daga manyan 'yan wasa har yara masu hanci da majina, sanduna a sama. Fintan yana tsakiyar titi da jesi a buɗe a hannu biyu. A kan layin ga Canice a keken guragu, da bargo, da tsinin hancin da shekaru ba su rage ba.

Ba raini ne ya kawo su ba, wannan ne ma abin haushin. A Kilvarra ba wanda ke cewa e da farko. Shayi, ɗauka a mota, taimakon yankan ciyawa, komai sai ka ƙi, a sake, ka ƙi, a matsa, sannan ka karɓa kamar an tilasta ka. Wanda ya ɗauki a'a ɗin mutum da gaske shi ne marar tarbiyya. Fintan ya koma ya gaya wa kwamiti cewa baiwar Allah ta ƙi har sau uku, ka ga kuwa ba ƙaramin so take yi ba, kunya ce kawai. Mutanen da suka yi shekara sittin ba su ji abin da suke faɗa wa uwarta ba, yau ma ba su ji abin da ta faɗa musu ba.

Ta ratsa ta gefen motar ta buga gilashi, Mossie ya taka birki. Jama'a suka ɗauka tsayuwar girmamawa ce, maza suka cire huluna. Fintan ya matso zai shimfiɗa jesin, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta nufi keken. Ba ta shirya abin da za ta ce ba. A ƙasan zuciyarta, inda ba ta son dubawa, akwai ɗan fata cewa tsohon zai sunkuyar da kai ya ce ya yi kuskure. Da ya faɗi haka, da wataƙila ta bar su sun yi abinsu.

Canice ya ɗago ido ya ƙura mata. Ta ɗauko fuskar uwarta, shi kuma kansa ya fara haɗa jiya da yau. Sai ya washe dasashi, ya ɗaga yatsa yana kaɗawa.

"Philomena ce? Kin zo ke nan. Ke fa yarinyar nan kin cinye mana kofi."

Aka yi dariya. Ba da ƙarfi ba, 'yar ƙarama ce, irin wadda take kuɓuce wa mutum don baki ya saba, kuma nan da nan aka haɗiye ta. Amma ta ji, ta kuma ga daga bakunan da ta fito, har da na samarin da ba a haifi iyayensu ba lokacin da aka yi abin. Ashe har su an koya musu. Ta ji da sanda ce a hannunta da ta aikata abin da za a kai ta kotu. Ta juya ta koma wurin motar.

"Mossie, juya."

Mossie ya ce ba a juya gawa, tun da yake bai taɓa gani ba, ba kyau, ta tuna hanyar ɗaya ce.

"Akwai ta fadama."

"Attracta, wannan ai hanyar tarakta ce. Kuma mutane suna kallo."

"Su kalla. Ko ka juya, ko ka buɗe min baya in ja ubana a ƙasa."

Ya dube ta ya ga ba wasa. Titin ƙunci ne da shi, sai da ya yi gaba ya yi baya ya sake, jama'a suna darewa suna mannewa da katanga, wata tsohuwa tana zana gicciye a goshi. Duk wannan lokaci sandunan suna sama, don ba wanda ya ba da umarnin a sauke, hannun yara yana rawa. Fintan ya biyo ta yana cewa ta yi wa Allah, Canice tsoho ne, bai san abin da yake faɗa ba. Ta ce ya sani sarai, abin da yake faɗa ke nan tun yana da haƙora. Ta ce kuma kada ɗan kulob ko ɗaya ya biyo su, wannan karo ya ɗauka yadda ta faɗa.

Hanyar fadama ta ninka waccan tsawo, ramuka ne da taɓo. Motar tana tangaɗi, furanni suna zamewa, Fada yana tafe yana tattare rigarsa. Attracta ba ta waiwaya ba sai da suka yi nisa. Ultan yana bayanta, fuska a murtuke, da 'yan uwan uwarsu daga cikin gari. Bayansu kuma mata ne, da yawa, sun baro mazansu da 'ya'yansu a ƙofar fili sun biyo cikin taɓo da takalman zuwa coci. Dympna, uwar Fintan, wadda ta yi rabin rayuwarta tana wanke jesin kulob, ta ƙara sauri ta riƙo hannunta. Ta ce mata cikin raɗa su fa tun da can sun san abin da ake wa Philomena ba daidai ba ne, dukansu sun sani.

Attracta ta tsaya cak ta zare hannunta.

"Kun sani?"

"Wallahi mun sani, 'yar nan."

"Da ma kin ce ba ku sani ba."

Dympna ta ja baya ta shige cikin sauran, ba wadda ta sake matsowa kusa.

A ƙofar maƙabarta masu ɗaukar akwati ba su cika ba, don kafaɗun da aka saba dogara da su suna can riƙe da sanduna. Attracta ta shiga gurbin da ya rage, gefen akwatin yana yankar wuyanta, suka kai shi suna tuntuɓe. Maƙwabta sun haƙa kabarin tun jiya, sun bar shebur biyu a kan tudun ƙasa, don a al'ada su ne za su rufe, dangi ba sa taɓawa. Aka saukar da Malachy a kan matarsa, katako tsirara, ruwa yana ɗiga a kai. Fada ya gama addu'a, kowa yana duban sheburan. Can bayan katanga ga kawunan maza sun fara leƙowa, sun zagayo ta babban titi, sun tsaya inda aka ce su tsaya. Ba wanda ya shigo.

Attracta ta cire rigar sanyinta ta miƙa wa Mossie, ta ɗauki shebur. Ƙasar ta jiƙe ta yi nauyi, ɗiban farko ya faɗa kan akwatin da ƙarar da ta sa wata mata ta fashe da kuka. Ta ci gaba. Ultan ya daɗe yana kallonta, sannan ya tsallaka ya ɗauki ɗayan, suka yi ta zubawa ba mai duban wani, har numfashinsu ya fara sarƙewa.

"Kin samu yadda kike so, Yaya," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Hankalinki ya kwanta?"

Ta kafa shebur a ƙasa ta share ruwan da ke fuskarta da bayan hannu. Ta duba ramin, inda mutum biyun da ya kamata su ga wannan rana suke kwance ba su ga komai ba.

"Bai kwanta ba," ta ce. "Zuba."